Yadda Ake Sa Wa Kati da Kwali Gashin Karammiski

Ki ɗauko ɗan akwatin nan da ake sako sarƙa da ɗan kunne, ki buɗe, ki shafa cikinsa da yatsa. Laushin da kika ji, a akwatuna da yawa, ba yadi aka manna ba. Zare ne aka yanka ƙanana ƙanana har ya koma kamar gari, aka shafa gam, aka barbaɗa shi a kai. Tsawon kowane sili bai cika wuce milimita 1 ba a irin wanda muke aikin hannu da shi, kuma yawanci na nailan ne ko reyon ko auduga. Masu sayarwa suna rubuta "flocking powder" a jikin robarsa, da wannan sunan za ki neme shi. Ni dai garin karammiski nake ce masa, haka kuma yaran da nake koya wa suka saba.

Sana'ar ta daɗe. A Ingila da Faransa, tun ƙarni na 17 da na 18, ana barbaɗa ɓurɓushin ulu a kan takardar bango mai gam domin ɗaki ya yi kama da wanda aka lulluɓe da karammiski, alhali ba a kashe kuɗin karammiskin ba. Mu nan Katsina ba sai an koya mana son karammiski ba. Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Soro ranar hawan Sallah ya ga yadda ake ƙawata doki da shi. Abin da nake yi kawai shi ne in sauko da wannan laushin kan katin gayyata, bangon memo na rabon biki, kwalin turaren wuta da shafukan albam ɗin hotuna.

Abu ɗaya zan faɗa tun yanzu, don shi ya fi cinye mini kati a farkon koyo: kyan aikin yana wajen gam. Garin ko yaro zai iya barbaɗa shi. Launin gam, kaurinsa, da daƙiƙun da ya yi a buɗe kafin gari ya sauka, su ke raba katin da za a adana da wanda zai fito kamar kan da makero ya ci.

Kayan aiki

Kwali za ki nema, ba takardar A4 ta buga rubutu ba. Waccan nauyinta giram 80 ne a kowace murabba'in mita, da ta ji danshin gam sai ta lanƙwashe. Ki ce wa mai sayar da takarda ya ba ki kwali mai giram 250 zuwa 300. Masu buga katin biki duk sun san shi, kuma wani lokaci za su bar miki yankakkun gefen da suka rage, su ne na gwaji. Takardun ado na albam da ake shigowa da su, masu faɗin inci 12 kowane gefe, wasu sirara ne, irinsu sai kin fara manna su a kan kwali.

Gam kuwa farin nan na kafintoci, irin su Top Bond, shi ne abokin tafiya. Kada ki kusanci sholisho, yana ratsa takarda ya bar tabo, daga baya ya koma ruwan ɗorawa. Gam ɗin kyandir da ake narkawa da bindiga yana daskarewa kafin ki ɗaga hannu. Sufa gulu kuma ki yi nesa da shi gaba ɗaya, domin idan ya haɗu da auduga zafi yake ɗauka har ya ƙona yatsa. Bayan farin gam, ki samu salatif mai manne fuska biyu, yana da nasa wurin da zan zo kansa.

Sauran duk suna cikin gida ko a kantin kayan makaranta: fentin akirilik mai launin garinki, matacin shayi na ƙarfe wanda ba zai sake komawa kicin ba, guntun soson katifa, ƙaramin burushin zane, burushin hoda mai laushi, tsinken sakace, reza, rula, da farar takarda babba da za ki ninke tsakiyarta ta zama kwata. Sai takunkumi. Wannan ba na ado ba ne. A Amurka, cikin shekarun 1990, likitoci sun gano wata cutar huhu a jikin ma'aikatan masana'antar wannan gari na nailan, masu shaƙarsa kullum. Mai yin kati goma a gida ba ta kai can ba, amma ban ga dalilin da za ki tara zare a ƙirji ba, balle idan akwai mai asma a gidan. Yara ƙanana su fita daga ɗakin.

Idan garin bai samu ba

Ba kowane shago ke ajiye shi ba. Masu kayan kwalliyar farce sukan kawo shi a 'yan ƙananan robobi, sai kuma masu oda ta intanet daga Kano ko Legas. Idan kin rasa, akwai dabara. Ki je wurin telanki ki roƙi ƙyallayen karammiski, ko ki sayi zaren saƙa na ulu a Babbar Kasuwa. Ranar da na fara roƙo, telanmu ya dube ni ya ce, "Hajiya, shara kuma za ki kwasa? Ai da kin faɗa da wuri, jiya na zubar da buhu guda." Yanzu shi yake ware mini kowane launi a leda.

Zaren saƙa za ki naɗe a yatsu biyu, ki zare, ki riƙa datsa bakinsa da almakashi mai kaifi, siriri iya yadda hannu zai iya, yana zuba a kwano. Karammiski kuma ki shimfiɗa shi ki aske gashin da sabuwar reza. Ki tankaɗe da mataci, abin da ya ƙi wucewa ki sake datsawa. Aikin yana cin lokaci, kuma gaskiya ba ya kai na kanti santsi, don silin ba tsawo ɗaya ba ne. Ya isa fure ɗaya ko harafi biyu. Katin biki ɗari kuwa, ki sayi na kanti ki huta.

Kafin a taɓa gam

Duk wani rubutu a gama buga shi tukuna. Katin da aka sa wa gari ba ya komawa cikin firinta, ba a kuma yi masa laminatin. Ki tambayi mai bugawa wane inji ya yi amfani da shi: tawadar firinta mai ruwa tana malala idan danshin gam ya taɓa ta, ta leza mai gari ba ruwanta. Idan mai ruwa ce, ki bar tazarar kamar milimita 3 tsakanin rubutu da inda gam zai tsaya.

Idan katin mai ninki ne, ki ja layin ninkin da bayan almakashi a jikin rula, ki ninke, ki sake buɗewa. Kada gari ya hau kan layin nan, domin gam busasshe yana tsagewa a wurin ninki, sai farin kwali ya leƙo.

Sai zane. Ki fara da mai faɗi, wanda ba shi da sirarun jijiyoyi: Dagin Arewa, ganye irin na zanen lalle, siffar hasumiyar Gobarau, bakan ƙofa irin na ginin gargajiya, ko harafin farko na sunan amarya. Layin da ya fi tsinken ashana siranta ba ya riƙe gari da kyau. Ni ba na sa aya ko sunan Allah a katin gayyata, don na san inda katunan ke ƙarewa bayan biki.

Idan kati ɗaya ne, ki zana da fensir a hankali. Idan da yawa ne, ki yanka sitensil, wato ki fitar da zanen da reza a jikin roba mai kauri, ta yadda za ki riƙa ɗora ta a kan kowane kati kina shafa gam ta cikin ramin. Bangon fayil na roba yana yi, tsohon hoton ƙashi na asibiti ma ya fi, don ba ya lanƙwasa kuma yana wankuwa.

Ki kashe fanka, ki rufe taga. Ki goge tebur da tsumma mai ɗan danshi, ya bushe. Ki shimfiɗa takardar nan mai kwata, ki manne kusurwoyin katin a kanta da salatif na takarda don kada ya tashi. Ki tankaɗe garin tun yanzu, ya yi wara-wara, matacin yana cike a gefen hannunki na dama.

Haɗa gam

Nan ne zan daɗe. Farin gam idan ya bushe yana komawa garai-garai, don haka duk inda gari bai rufe sosai ba, launin kwalin ne zai fito. Maganin shi ne a rina gam ɗin da launin garin. Ki zuba cokali ɗaya na gam a murfin kwalba, ki ɗiga fentin akirilik kamar kashi ɗaya cikin huɗu na yawansa, ki juya da tsinke. Zai yi haske fiye da yadda kike so saboda farin gam ɗin, kada ki damu, yana duhu idan ya bushe. Idan fentin ya yi yawa kuma, ƙarfin kamun yana raguwa.

Na koyi wannan ne a bikin ƙanwata. Ankon ja ne mai duhu, wanda ake ce wa jinin kare, na ce ni zan yi katin kamu, guda sittin, a kan kwali ruwan madara. Na shafa gam fari sol, na barbaɗa gari, a jiƙe komai gwanin sha'awa. Da gari ya waye na kaɗe, sai ga furannin duk dabbare-dabbare. Gwaggo ta ɗaga ɗaya ta kai saitin taga, ta juya shi, ta ce, "'Yar nan, wannan furen gara ta ci shi ne?" Kwana biyu na yi ina bin su ɗaya ɗaya ina sake hawa na biyu.

Kaurin gam ya zama kamar na kunun tsamiya mai kauri, wanda idan kin ɗaga tsinke zai zubo a hankali, ba ɗis-ɗis ba. Idan ya yi tauri, ruwa ɗigo biyu ko uku ya isa. Idan ya tsinke, takarda za ta shanye shi, garin ya rasa inda zai nutsa ƙafarsa. Abin da ake so shi ne kowane sili ya samu ɗan zurfin da gindinsa zai shiga, kansa yana waje. Gam ya yi yawa kuma, silin ya nutse gaba ɗaya, wurin ya bushe da tauri kamar ƙanzo.

Kwali marar sheƙi yana da ƙishirwa. Irinsa sai ki fara yi masa shafe ɗaya siriri, ya bushe, sannan ki yi na biyu wanda zai karɓi gari. Shafen farko ya toshe ƙofofin takardar, na biyu sai ya zauna a sama.

Shafawa da barbaɗawa

Da sitensil, ki dangwala soso a gam, ki rage a gefen murfi, ki riƙa dannawa daga sama zuwa ƙasa. Kada ki ja shi gefe, jan ne ke tura gam ƙarƙashin roba ya ɓata bakin zane. Da kin gama ki ɗaga robar tsaye cak, kafin gari ya sauka. Idan da burushi kike yi, ki fara da bakin zanen, ki cike tsakiya, ki duba ta gefe a haske: ko'ina ya yi ƙyalli iri ɗaya. Inda ya dushe, ya fara bushewa, ki ƙara.

Yanzu sauri. A hunturun Katsina, daga Disamba zuwa Fabrairu, da kuma zafin Maris da Afrilu, gam siriri yana yin fata a sama cikin abin da bai kai minti ɗaya ba, kuma da ya yi fata garin zai kwanta ne kawai a kai, gobe ya zube. Shi ya sa a wannan lokacin ba na shafa wurin da ya fi tafin hannu faɗi a tashi ɗaya, kuma na fi yin aikin bayan sallar asuba. Zane babba sai ki raba shi bisa gaɓoɓinsa, ganye ɗaya bayan ɗaya, don kada mahaɗar ta fito a tsakiyar fili.

Ki riƙe mataci kamar taƙi ɗaya sama da katin, ki riƙa bugun gefensa da yatsa. Ki zuba da yawa, har zanen ya ɓace a ƙarƙashin tudun gari. Rowa ba ta da amfani a nan, duk abin da bai kama ba zai koma roba. Daga nan ki cire salatif, ki ɗaga katin a kwance, ki riƙa ƙwanƙwasa bayansa da farce na ɗan lokaci. Girgizar ce ke sa silin ya gangara ya cusa gindi cikin gam. Ki ɗora yatsa a kan tudun ki taɓa a hankali, kamar mai gwada zafin goshin jariri. Idan kin danna da ƙarfi, gam zai fito ta sama.

Wasu suna amfani da robar man keken ɗinki da aka wanke ta bushe: a cika ta rabi da gari, a girgiza, a riƙa matsawa tana feso shi. Yana shiga lungu fiye da mataci, amma yana tashi a iska, takunkumi dole. A masana'antu kuwa da wutar lantarki ake yi, tana sa kowane sili ya tsaya a miƙe kamar shuka, shi ya sa nasu ya fi sheƙi. Namu na hannu silin yana kwanciya ta ko'ina, laushinsa ya fi kama da na fatar da aka jeme aka karce. A kan kati hakan ya wadatar.

Kada ki kaɗe yanzu. Ki ajiye katin a kwance da tudunsa, inda hannu da iska ba za su kai ba. Kada ki ɗora wani a kan wani. Da rani awa uku zuwa huɗu sun isa, amma ni kwana nake bari. A cikin marka, watan Agusta, ko kwana ɗayan wani lokaci bai isa ba, sai kin taɓa bayan katin kin ji babu sanyi. Idan ya bushe, ki juya shi a kan takarda mai kwata, ki buga bayansa, ki bi da burushin hoda, ki tattara garin ta kwatar ya koma robarsa. Inda kika ga sanƙo, ki ɗiga gam da tsinken sakace, ki sake barbaɗawa.

Idan kwalin ya ɗan lanƙwasa, bayan ya bushe sarai ki rufe fuskarsa da takarda mai laushi, ki ɗora littafi marar nauyi sosai ya kwana.

Layi madaidaici, da launi biyu

Ga iyakar kati ko firam ɗin hoto, salatif mai fuska biyu ya fi gam sauƙi nesa ba kusa ba. Ki manna, ki murza da bayan cokali, ki ɓare takardar sama, ki zuba gari. A nan dokar ta juya: ki danna sosai, ki murza da yatsa, ki kaɗe nan take, babu jiran bushewa, babu lanƙwasa. Aibinsa biyu. Ba ya rinuwa, don haka ya fi kyau idan launin kwali da na gari sun yi kusa, ko ki fara shafa alƙalamin maka mai launin garin a ƙarƙashi. Kuma mai arha yana saki idan ya sha zafi, kamar katin da aka bari a mota da rana.

Launi biyu a zane ɗaya, ki gama ɗaya ya bushe, ki share tebur da mataci tas, sannan ki buɗe na biyu. Ina farawa da mai duhu in rufe robarsa in kawar, saboda sili baƙi ɗaya a cikin fari daga nesa ake hango shi. Wurin da kika gama ki rufe shi da guntuwar takarda kafin ki barbaɗa na gaba.

Hunturu yana da wata fitina: busasshiyar iska tana sa gari ya manne a ko'ina, a hannu, a roba, a wurin da babu gam. Shi ya sa na ce ki shimfiɗa takarda, ba leda ba. Abin da ya ƙi fita da burushi, ki manna salatif a bayan hannunki sau biyu don ƙarfinsa ya ragu, ki riƙa ɗaukewa da shi.

Ƙananan kayan ado

Haruffan da aka yanka daga kwali mai kauri, maɓallai, furen takarda, 'yan siffofin katako, duk suna karɓar gari, kuma sun fi kati sauƙi domin ba ki tsoron ɓata gefe. Ki zuba gari a robar da ke da murfi, kamar ta man shafawa da aka wanke. Ki fenta abin da launin garin, har gefe-gefensa, ya bushe. Ki manna bayansa a kan tsinke da ɗan salatif, ki shafa gam, ki cusa shi cikin garin ki juya, ko ki sake shi ciki ki rufe ki girgiza sau goma. Ki ciro da hantsaki, ki soka tsinken a guntun soso ya bushe a tsaye.

Maɓallin roba mai santsi sai kin karce shi da samfefa tukuna, in ba haka ba gam zai ɓare kamar ɓawon albasa. Ramukan maɓallin ki buɗe su da allura tun gam na ɗanye. Furen takarda kuma kada ki rufe shi duka, bakin ganyen kawai ko tsakiyarsa, ya fi kama ido. Haka ma kwalin turaren wuta: murfin kaɗai nake yi wa, don jikin yana shan hannu mai maiƙo, kuma gari idan ya sha mai ya kwanta ke nan.

A albam, ki bar ɗan fili tsakanin gari da hoto, ki sa takarda siririya tsakanin shafuka masu kallon juna. Na yi wa wata ƙawata ta Daura albam na hotunan Sallar Gani, na yi kowane firam da kore, na manta takardar tsakani a shafi biyu. Bayan wata ɗaya fuskar yayanta a kan doki duk ta yi tsanwa-tsanwa da ɓurɓushi. Burushi ya fitar, amma a hoto mai sheƙi idan ya daɗe yana danne yana barin sawu.

Kafin ki miƙa wa mai kaya, ki yi gwaji da guda ɗaya: ki murza yatsa a kai sau biyar, ki shafa shi a farin ƙyalle. Ɗan ɓurɓushi a shafar farko ba komai ba ne. Idan har ta biyar yana zuba, gam ne ya yi fata kafin gari ya sauka, sai hawa na biyu. Kada ki fesa masa wani abu don ya kama, feshin yana manne silin da juna ya kashe laushin. Ki sa kowane kati a ambulan ɗinsa, ki jera su a tsaye cikin kwali kamar littattafai, kada ki ɗaure su da robali. Ragowar garin ki rufe shi ruf, ki jefa masa 'yar jakar nan mai tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, musamman idan damina ta kusa, don da ya sha raɓa dunƙulewa yake yi, mataci ma ya ƙi wuce shi.